Makaɗi, Malami, Mai Masauki: Waɗanda Ke Riƙe da Bukukuwan Jita a Turai da Amurka

Duk wanda ya ɗauki takardar shirye-shiryen wani bikin jitar gargajiyar Turai, na Jamus ne ko na Kanada ko na Kuba, ya karanta tarihin shugaban bikin da ake bugawa a shafin farko, zai ɗauka mutum ɗaya ake ta sauya wa suna. Ya fara kaɗa jita tun yana yaro. Ya yi karatu wurin wane, wanda shi ma almajirin wane ne. Ya ci gasa a gari kaza. Yanzu farfesa ne a makarantar kiɗa, yana yawon wasa ƙasa-ƙasa, yana alƙalanci a gasa, kuma shi ya kafa wannan bikin. A manyan bukukuwan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi cikin waƙa, akan ɗauko gogaggen manaja a danƙa masa ragama. A na jita kuwa, makaɗin da zai hau dandamali da daddare shi ne da hantsi za ka gani yana waya da direban da ya manta baƙo a filin jirgi.

Jitar da ake magana a kanta ba mai jona wuta ba ce irin ta mawaƙan zamani. Akwatin katako ce mara nauyi, mai tsirkiya shida ta nailan, siffarta ta yau kuma daga hannun wani masassaƙi ɗan Sifaniya ta fito, Antonio de Torres, a ƙarni na 19. A zaune ake kaɗa ta, ƙafar hagu bisa 'yar matakala, jitar a kan cinya. Da faratan hannun dama ake taɓa tsirkiya, shi ya sa za ka ga makaɗi ya bar na dama sun yi tsawo yana ta goge su da 'yar takarda mai laushi, na hagu kuwa a yanke ƙwal. Kiɗan a rubuce yake, ana karanta shi kamar littafi, kuma mutum ɗaya ke fitar da amon waƙa da na rakiya a lokaci guda.

Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya ƙware a gogen Turawa, wato biyolin, yana da inda zai nufa. Babbar okestira guda, wato rukunin makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, tana ɗaukar masu biyolin kusan 30, kowa da albashinsa da fanshonsa, kuma a Jamus kaɗai okestirorin da gwamnati ke tallafa wa sun haura 100. A duk waɗannan kujeru babu ta jita ko ɗaya. Muryarta ƙarama ce, da zarar kakaki da ganguna sun tashi sai ta nutse. In an gayyaci mai jita, baƙon dare ɗaya ne, kuma galibi abu guda ake so ya kaɗa, kiɗan Aranjuez da Joaquín Rodrigo ya rubuta a 1939. Makarantu ma sun daɗe ba su buɗe mata ƙofa ba. Julian Bream, wanda daga baya ya zama gwanin jitar Ingila, da ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta a Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, fiyano da wasu fannoni aka koya masa, don babu malamin jita a gidan. Sai a 1960 kwalejin ta naɗa na farko, John Williams, yana ɗan shekara 19. Makarantar Juilliard ta birnin New York kuwa ba ta yi sashen jita ba sai 1989.

Mutanen da ba su da ma'aikata, ba su da aji, dole suka gina nasu wurin taruwa. Bikin jita daga nan ya samo asali, kuma shi ya sa aikin malanta da na shirya biki suka zama igiya ɗaya a wannan sana'a.

Tushen abin yana wurin Andrés Segovia, makaɗin jita ɗan Sifaniya, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1987. Shi ya fitar da jita daga ɗakunan hira zuwa manyan zaurukan wasa, ya yi ta roƙon masu rubuta kiɗa su rubuta mata, har da shi aka yi gwajin tsirkiyar nailan tare da Albert Augustine a shekarun 1940, lokacin da yaƙi ya sa ta hanjin dabba ta yi wuya. Amma bai zauna wata makaranta yana koyarwa kullum ba. Darussan bazara yake yi: a birnin Siena na Italiya daga 1950, sannan a Santiago de Compostela ta Sifaniya daga 1958. Matasa su zo daga ko'ina, su yi makonni, su koma.

Salon darasin shi ne har yau ƙashin bayan kowane biki. Ɗalibi ɗaya ya hau dandamali ya zauna gefen malam. Sauran suna ƙasa, kowa da kwafin kiɗan a cinya da fensir a hannu. Ya fara kaɗawa, bai yi nisa ba malam ya ɗaga hannu. A nan ka yi sauri. Wannan amon kada ka ɗauke shi a tsirkiya ta farko, koma ta biyu, ta fi taushi. Sa ɗan yatsa na uku, na huɗun ba zai kai ba. Ɗalibin ya sake, zufa na tsattsafo masa, na ƙasa suna ta rubutu a gefen takarda. Kamar karatun zaure ne, mutum ɗaya ke biyawa amma kowa na ƙaruwa. Kuma a can ma sanadi, wato silsilar malamai, yana da daraja. Wanda ya zauna gaban Segovia ya samu abin rubutawa a tarihinsa har ya mutu, ko da zaman bai wuce rabin awa ba. Da yawa daga cikin “almajiran Segovia” da ake gani a takardu, iyakar almajirancin ke nan.

Dattijon yana da zafi. A 1986, yana ɗan shekara 93, ya yi irin wannan darasi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, aka ɗauka a bidiyo. Wani Ba'amurke, Michael Chapdelaine, wanda tun 1982 ya ci babbar gasar jita ta ƙasarsu, ya zauna ya kaɗa wani kiɗa da Segovia ya tsara wa jita, amma ya sauya tsarin yatsun zuwa nasa. Segovia ya fusata, ya sallame shi daga dandamalin a gaban jama'a. John Williams, da ake gani kamar magajin Segovia, daga baya ya fito fili ya ce salon koyarwar malamin nasa yana danne ɗalibi, yana sa shi kwaikwayo maimakon tunani. Ina ganin wannan saɓani ya fi komai bayyana yadda bukukuwan da suka biyo baya suka kasance. Waɗanda suka kafa su almajiran tsarin ne, sun ɗauki siffar darasin, amma suka ƙi malami ɗaya tilo. Suka tara malamai goma ko ashirin a mako guda, ɗalibi ya ji wannan da safe, ya ji mai saɓa masa da la'asar, ya zaɓa.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Eli Kassner na Toronto, duk da cewa ba shi da fayafayan da duniya ta sani. An haife shi a Biyana ta Ostiriya a 1924, Bayahude ne, ya tsere wa 'yan Nazi a 1939 zuwa Falasɗinu, ya isa Kanada a 1951. Garin da ya tarar ba shi da wani abin a zo a gani na jitar gargajiya. A 1956 ya kafa Ƙungiyar Jita ta Toronto. A 1959 ya tafi Sifaniya ya zauna gaban Segovia, a shekarar kuma ya fara koyarwa a Jami'ar Toronto da makarantar kiɗa ta birnin. Liona Boyd, wadda ta yi suna ƙwarai a Kanada, ɗalibarsa ce. A 1959 ɗin dai ƙungiyar tasa ta sa Harry Somers, ɗaya daga cikin manyan marubuta kiɗa na ƙasar, ya rubuta wa jita sonata, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi.

Tsarin matakan shi ne abin lura. Ɗalibai tukuna, sannan ƙungiya da za ta riƙe su da iyayensu da abokansu, sannan kujera a jami'a, sannan sabon kiɗa. Biki shi ne na ƙarshe, bayan kusan shekara 20 ana shuka. A 1975 aka yi na farko, aka kuma maimaita duk bayan shekara uku: 1978, 1981, 1984, 1987. Wasanni da dare, darussa da rana, gasa, laccoci, da masassaƙa sun baje jitocinsu a kan tebur. Duk abin da ake kira bikin jita a Amurka ta Arewa yau, wannan ne zanensa. A na 1984 ne wani matashi ɗan Japan, Kazuhito Yamashita, ya kaɗa da jita guda wani dogon kiɗan Mussorgsky, marubucin kiɗa ɗan Rasha, da aka fi sani a hannun okestira cikakkiya, masu sana'ar suka yi shekaru suna gardama ko bajinta ce ko wuce gona da iri. A na 1987 John Williams ya fara kaɗa wani sabon kiɗa na jita da okestira da aka sa wa sunan birnin, marubucinsa Leo Brouwer na tsaye yana jagorantar makaɗa.

Brouwer wani irin shugaba ne daban. An haife shi a Habana, babban birnin Kuba, a 1939. Malaminsa Isaac Nicola almajirin Emilio Pujol ne, Pujol kuma almajirin Francisco Tárrega, wanda ake ɗauka uban salon kaɗa jita na zamani. Ya yi ɗan karatun rubuta kiɗa a Juilliard, ya koma gida bayan juyin juya hali, ya yi aiki a hukumar fina-finan Kuba yana rubuta wa fim kiɗa. Cikin rubutunsa ana jin bugun gangunan da Yarabawan da aka kai bauta suka bar wa tsibirin. A shekarun 1970 yana cikin gwanayen makaɗan duniya. Sai a farkon shekarun 1980 jijiyar wani yatsansa na dama ta samu rauni, wasa a dandamali ya ƙare masa.

Abin da ya rage masa shi ne alƙalami, sandar jagorantar okestira, da ɗalibai. A 1982 aka fara bikin jita da gasa na Habana ƙarƙashin jagorancinsa, kuma sunansa ne ya jawo manyan makaɗa zuwa ƙasar da ba ta da kuɗin biyansu yadda Turai ke biya. Gajerun darussan motsa yatsa da ya rubuta wa masu koyo, yau kusan babu makarantar jita a duniya da ba a bi ta kansu. A 1992 ya koma Ƙurɗuba ta Sifaniya, garin su Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, ya kafa okestirar birnin ya jagorance ta har 2001. Can ma ya tarar da biki, wanda Paco Peña, ɗan garin kuma makaɗin filamenko, wato kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya, ya assasa a 1981 a matsayin darussan bazara kafin hukumar birni ta karɓe shi ta faɗaɗa. Peña shi ma a aji ya ƙare: a 1985 makarantar kiɗa ta Rotterdam a Holan ta naɗa shi malamin jitar filamenko, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Wanda ya san tarihin Andalus zai tuna cewa a wannan garin ne Ziryab, makaɗin Bagadaza, ya sauka a 822 ya buɗe makarantar kiɗa.

Raunin hannu ba ƙaramin abu ba ne a wannan labari, ko da yake takardun biki ba sa son ambatonsa. Akwai wata cuta ta jijiya da ke kama masu maimaita motsi ɗaya shekara da shekaru: yatsa ya riƙa naɗewa cikin tafin hannu da kansa, babu zafi, amma ya ƙi bin umarni. David Leisner, wanda ya samu kyauta a gasar Toronto ta 1975, ta kama shi a 1984, ya yi shekara 12 yana fama kafin ya gano wa kansa hanyar kaɗawa da manyan tsokokin hannu da kafaɗa ya dawo. Aji ne ya riƙe shi a tsawon wannan lokaci. Makaɗin da ya san yatsa ɗaya zai iya raba shi da abincinsa cikin dare ɗaya, ba zai raina kujerar jami'a ba.

A Gabashin Turai dalilin siyasa ne ya ƙara wa abin nauyi. László Szendrey-Karper ya fara biki a Esztergom, wani ƙaramin gari a bakin kogin Danube a Hangari, a 1973. Ga makaɗin Folan ko Rasha ko Jamus ta Gabas da samun izinin fita Yamma ke masa wuya, nan ne zai ga hannun ɗan Yamma da idonsa, ya kwafi takardar kiɗan da ba a sayarwa a ƙasarsa.

Wadda ta zo ta ɗaya a gasar Toronto ta 1975 wata yarinya ce daga Minneapolis da ba ta kai shekara 20 ba, Sharon Isbin. Bayan shekara shida Brouwer ya rubuta mata kiɗa mai kashi uku da ya gina kan tatsuniyoyin Afirka da Bajamushen nan Leo Frobenius ya tattara. Ita ce ta kafa sashen jita na Juilliard a 1989, ita ke jagorantar darussan jita a bikin kiɗa na Aspen a Kolorado. Kujerar Aspen ɗin kuma Oscar Ghiglia ne ya fara kafa ta a 1969, ɗan Italiya, almajirin Segovia na Siena. A wurin Ghiglia a Aspen Eliot Fisk ya yi karatu, shi ma ya je ya buɗe sashen jita a Jami'ar Yale a 1977, ya koyar a Salzburg da Boston, a 2006 ya kafa bikin jita na Boston. Dale Kavanagh 'yar Kanada ta yi karatu wurin Ghiglia a Basel, ta zauna a Jamus, ita da Thomas Kirchhoff suna wasa tare, kuma tun 1992 garin Iserlohn, da mutanensa ba su kai 100,000 ba, ya zama matattarar masu jita duk bazara saboda taron da Kirchhoff ya kafa. Ka ja zare ɗaya, sai ka ga duk rigar ta motsa.

To da me ake riƙe irin wannan biki? Ba da kuɗin tikiti ba. Zauren jita ƙarami ne, don muryarta ba ta cika babban ɗaki sai da lasifika, masu tsantseni kuwa ba sa son lasifika. Babbar hanyar kuɗi ita ce ɗalibai masu biyan kuɗin darasi da kwana da abinci. Sai tallafin hukumar gari ko jami'ar da ta ba da ɗakuna lokacin hutu, sai kamfanonin tsirkiya irin su Savarez da D'Addario da Augustine, sai masassaƙan da ke hayar tebur. Shi ya sa dole shugaba ya zama malami. Manaja zai iya yin lissafi, amma ba shi da ɗaliban da za su cika gadaje, ba shi da abokin karatun da zai kira ya ce masa, zo ka yi mana mako guda, kuɗin ba yawa amma za ka ji daɗi. Jarin bikin shi ne zumuncin da shugaba ya tara cikin shekara 30 na sana'a.

A nan kuma matsalar take, kuma masu sana'ar sun san da ita. Tunda kusan kowane babban malami yana da nasa biki, gayyata ta koma cuɗe ni in cuɗe ka. Na kira ka Yuli, ka kira ni Agusta. Sunaye ɗaya ke yawo daga gari zuwa gari, kuma makaɗin da ba shi da bikin da zai rama da shi, komai gwanintarsa, yakan jira a ƙofa. A gasa kuwa alƙalai malamai ne, masu fafatawa ɗaliban malamai ne. Akwai gasar da ke hana alƙali ba ɗalibinsa maki, amma ba ta hana shi sanin ɗalibin wane ne ke zaune a gabansa. Ban ce ana maguɗi ba. Na ce kunnen da ya tashi a makaranta ɗaya yakan fi jin daɗin abin da ya saba, kuma yaro mai wayo zai koyi kaɗa abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Shi ya sa ƙwarewar yatsu ta hau matakin da Segovia bai taɓa mafarki ba, amma ka saurari masu zagayen ƙarshe da ido rufe, wani lokaci ka kasa bambance su.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Duba hannun dama na masu zama a zauren. Rabinsu ko fiye faratansu dogaye ne. Masu jita ke kaɗa wa masu jita. Segovia, duk da zafinsa, likitoci da 'yan kasuwa da matan aure yake cika wa zaure, mutanen da ba su san sunan tsirkiya ko ɗaya ba. Bikin da aka gina don a ba jita gida ya iya zama katangar da ta raba ta da sauran jama'a. Wasu shugabanni sun gane haka. Fisk ya daɗe yana kai kiɗa makarantu da gidajen tsofaffi da gidajen yari. A birnin Austin na Texas, Matthew Hinsley ya juya ƙungiyar jitar garin ta koma koyar da yara a makarantun gwamnati tun 2001, har da yaran da ke tsare a gidan gyaran hali. A ganina wannan ya fi ƙara wata gasa amfani, don gasa tana ƙara masu neman dandamali, ajin yara kuwa yana ƙara masu zama a kujera.

Saura maganar gado. Bikin da ke tsaye kan zumuncin mutum ɗaya yakan gaji ranar da mutumin ya gaji. Na Toronto sau biyar aka yi shi, bayan 1987 bai dawo da wannan girman ba, ko da yake Kassner ya rayu har 2018 kuma ƙungiyar da ya kafa tana nan. Gidauniyar Jita ta Amurka, da aka kafa a 1973, ta bi wata hanya. Tana da kwamiti, taronta na shekara yana yawo gari-gari, yawanci a harabar wata jami'a, malamin jitar jami'ar ne mai masauki na wannan shekara, badi wani ya karɓa. Babbar kyautar gasarta ba kuɗin ba ne, rangadin wasanni ne a garuruwa da dama na Amurka ta Arewa. Yawancin zaurukan da zakaran zai shiga na ƙananan ƙungiyoyi ne da sassan jami'a da malaman jita ke gudanarwa, su za su ɗauko shi a tasha, wani lokaci a gidansu zai kwana, da safe ya yi wa ɗalibansu darasi. Martha Masters ta ci wannan gasa a 2000, ta yi rangadin, ta zama malamar jami'a, daga baya aka ba ta shugabancin gidauniyar.